Jaime Lerner: Magajin Garin da Ya Gyara Birni da Motar Bas

Duk wanda ya taɓa zuwa Legas, ko ya gani a talabijin, ya san motocin nan na BRT masu bin layinsu na musamman, suna wucewa fuu alhali sauran motoci na tsaye cikin gosulo. A watan Maris na 2008 aka ƙaddamar da su, daga Mile 12 zuwa CMS. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, dabarar aro ce. Inda aka fara haɗa ta cikakkiya har duniya ta kwaikwaya wani birni ne a kudancin Birazil mai suna Kuritiba, babban birnin jihar Parana. Mutumin da aka fi danganta ta da shi kuwa shi ne magajin garin birnin, Jaime Lerner.

Lerner injiniya ne kuma mai zanen gine-gine, wato irin karatun da wasunmu ke fama da shi a sutudiyo da wokshop. Ya yi magajin gari sau uku, ya yi gwamna sau biyu. Ya yi suna da abu ɗaya: yin aiki mai araha cikin gaggawa, ba tare da jiran kuɗi su taru ko kowa ya yarda ba. Wannan halin ne ya ɗaga shi, kuma shi ne ya jawo masa mafi yawan sukar da ake yi masa. To, mu bi labarin daki-daki.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a Kuritiba ranar 17 ga Disamba, 1937. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Polan, mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai shago. Ya fara karanta injiniyancin gine-gine a Jami'ar Tarayya ta Parana, daga baya ya ƙara da fannin zanen gine-gine, ya kammala a 1964.

A lokacin birnin na kumbura. A 1960 mutanensa ba su kai 400,000 ba, amma kafin 1970 sun haura 600,000. Tsarin da ake bi tun 1943, wanda wani Bafaranshe mai suna Alfred Agache ya zana, ya ginu ne kan manyan tituna masu faɗi da ke fitowa daga tsakiyar gari. Ma'ana, in motoci sun yi yawa sai a rushe gine-gine a faɗaɗa titi. Kusan duk biranen Birazil hanyar da suka kama ke nan.

A 1965 aka kafa wata cibiya ta bincike da tsara birnin, wadda ake kira IPPUC a taƙaice. Lerner na cikin matasan da suka kafa ta, daga baya ma ya shugabance ta. A riƙe sunan nan da kyau, domin zai sake fitowa. A wannan cibiya aka yi ta nazarin sabon tsarin birni da aka amince da shi a 1966, wanda ya ce birni ya riƙa girma a miƙe, a kan wasu 'yan dogayen hanyoyi, kuma sufurin jama'a ne zai zama ƙashin bayansa. Tsarin ya yi shekara biyar a takarda, ba wanda ya taɓa shi.

Yadda ya hau kujera

Nan akwai wani abu da masu yabon Lerner kan yi saurin tsallakewa. Ba zaɓensa aka yi ba a karon farko. Sojoji sun yi juyin mulki a Birazil a 1964, kuma a ƙarƙashinsu gwamna ne ke naɗa magajin garin babban birnin jiha. Haka aka naɗa Lerner a 1971, yana ɗan shekara 33, a ƙarƙashin ARENA, jam'iyyar da ke mara wa sojoji baya. A 1979 ma naɗi ne ya dawo da shi karo na biyu.

Wanda aka naɗa ba ya tsoron akwatin zaɓe, amma ya san ana iya sauke shi gobe da safe. Lerner ya ɗauki darasi ɗaya daga wannan hali: da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Titin da aka gyara cikin awa 72

Babban titin kasuwanci na tsakiyar birnin shi ne Rua XV de Novembro. Lerner ya so ya hana motoci bi ta wani sashe nasa, ya mayar da shi na masu tafiya a ƙasa zalla. 'Yan kasuwa suka ce ina, ai ciniki zai mutu, suka fara shirin kai ƙara. Shi kuma sai ya jira wata Juma'a da yamma a watan Mayun 1972, lokacin da kotuna sun tashi, ya zuba ma'aikata. Aka shimfiɗa duwatsu, aka kafa fitilu da kujerun zama, aka jera tukwanen furanni. Cikin awa 72 an gama.

Ba a daɗe ba ciniki ya ƙaru, wasu daga cikin 'yan kasuwar da suka yi adawa suka dawo suna roƙon a tsawaita gyaran ya iso ƙofar shagunansu. Masu motoci kuwa suka shirya gangami, wai za su bi ta kan titin da ƙarfin tsiya ranar Asabar. Da suka iso sai suka tarar an shimfiɗa dogayen takardu a ƙasa, yara sun cika wurin suna zane da fenti. Wa zai tuƙa mota ta kan yara? Dole suka juya. Zanen yara na ranar Asabar ya zama al'ada a titin shekara da shekaru, mutanen gari kuma suna kiransa Titin Furanni.

Labarin na da daɗin ji, amma ka duba shi da kyau. Mutumin nan da gangan ya kauce wa kotu, kuma ya sa yara a gaba don ya karya masu adawa. Sakamakon ya yi kyau, shi ya sa ake ba da labarin ana dariya. Da bai yi kyau ba fa?

Bas a maimakon jirgin ƙarƙashin ƙasa

A wancan zamani duk birnin da ke ji da kansa burinsa jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Sao Paulo ta buɗe nata a 1974. Kuritiba ba ta da wannan kuɗin, kuma haƙa rami aikin shekaru ne. Sai Lerner da mutanensa suka yi wata tambaya mai sauƙi: me ya sa jirgin yake da sauri? Amsa, saboda yana da hanyarsa shi kaɗai, yana zuwa a kai a kai, kuma ba ya ɓata lokaci a tasha. To, me zai hana a ba wa bas waɗannan abubuwa a saman ƙasa?

A 1974 aka buɗe layin farko, daga arewa zuwa kudu. Ga yadda aka tsara shi. Kowace babbar hanya tituna uku ce a jere. Na tsakiya yana da layi biyu na bas kaɗai, da ƙananan hannuwa a gefe don motocin unguwa masu tafiya a hankali. Tituna biyun da ke gefe kuwa hannu ɗaya ne kowanne, ɗaya na shiga gari, ɗaya na fita. Ba a rushe unguwanni ba, titunan da ke akwai aka sake wa aiki.

Dabarar da ta fi wannan muhimmanci tana cikin dokar gini. An ce dogayen benaye a gefen hanyar bas kawai za a gina su, kuma da ka fara nisa da hanyar tsayin gini sai ya riƙa raguwa. Kun ga ke nan inda mutane suka fi yawa nan bas take, bas kuma ba ta rasa fasinja. 'Yan sashen tsara birane za su gane wannan nan take: sufuri da rabon filaye a teburi ɗaya aka zana su.

A wa'adinsa na biyu aka ƙara abu biyu. A 1979 aka kawo korayen bas masu zagaya unguwanni ba tare da shiga tsakiyar gari ba. A 1980 kuma aka haɗa layukan duka aka sa kuɗin mota ɗaya. Ka biya sau ɗaya, ka sauya mota a babbar tasha ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Wanda ke zaune kusa da gari, wanda galibi mai hali ne, shi ke tallafa wa talakan da ke bayan gari mai doguwar tafiya. Har launi aka raba: ja na manyan hanyoyi, ruwan lemo na kwaso mutane daga unguwa, kore na zagaye. Ko ba ka iya karatu ba ka san motarka.

Tafki a maimakon kwalbati

Kuritiba na da ƙananan koguna da yawa, kuma ambaliya ta addabe ta. Abin da aka saba yi shi ne a zuba kankare a mayar da kogi lambatu. Lerner ya bi wata hanya. Hukuma ta karɓi filayen bakin kogi da ruwa ke ci, ta tare ruwan ya zama tafki, ta mayar da kewayen wurin shaƙatawa. Haka aka samu lambunan Barigui da Sao Lourenco a 1972. In an yi ruwa mai yawa, tafki ya cika ya malala kan ciyawa, ba cikin ɗakin kowa ba. A wasu lambunan ma tumaki aka saki su riƙa cin ciyawar, domin sun fi injin yanka araha.

Bai manta da aikin yi ba. A 1973 aka keɓe unguwar masana'antu a yammacin birnin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Volvo ya kafa masana'anta a can. Hakan ya zo a kan gaɓa, domin a watan Yulin 1975 wani mugun sanyi ya ƙone gonakin kofi na jihar Parana, dubban 'yan ƙauye suka kwararo birni neman abinci.

Faɗuwa zaɓe da kamfen na kwana 12

Mulkin soja ya ƙare a 1985, kuma a shekarar aka dawo da zaɓen magajin gari a manyan biranen jihohi. Lerner ya tsaya, wannan karon a jam'iyyar PDT. Ya sha kaye a hannun Roberto Requiao. Wato ranar farko da aka tambayi mutanen Kuritiba ra'ayinsu, wani suka zaɓa. Masu adawa sun yi ta jifansa da cewa yaron sojoji ne, kuma tsakiyar gari ya ƙawata ya bar talakan bayan gari.

A 1988 ya dawo ta wata hanya mai ban mamaki. Saboda wata taƙaddama kan rajistar zaɓensa, wadda ya mayar Rio de Janeiro, sai da ya rage kwana 12 a yi zaɓe sannan ya samu shiga takara. Ɗan takarar jam'iyyarsa ya janye ya koma mataimaki. Da kamfen na kwana 12 ya ci, ya yi mulki daga 1989 zuwa 1992. Wannan ne wa'adinsa ɗaya tilo na magajin gari da ƙuri'a ta ba shi, kuma a cikinsa ya yi ayyukan da suka fi yi masa suna a duniya.

Tashar bututu da cinikin shara

Matsalar bas a ko'ina ita ce tsayuwa. Fasinja na hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, ana neman canji, ana cacar baki da kwandasta. A 1991 aka fito da tashoshi masu siffar bututu, na gilashi da ƙarfe. Kana biya ne a ƙofar tasha kafin mota ta zo. Daɓen tashar daidai yake da daɓen motar, don haka in ta tsaya ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, a fita a shiga cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai keken guragu ma an yi masa abin ɗagawa. A 1992 aka kawo bas mai gaɓa uku, tsayinta kusan mita 25, mai ɗaukar mutum 270, ƙirar Volvo ta nan cikin garin.

Sai batun shara. A unguwannin talakawa lunguna sun yi ƙanƙanta, motar shara ba ta iya shiga, bola ta taru, cuta ta yi yawa. A 1989 hukuma ta fara sayen shara: ka kawo buhun shara bakin titi, a ba ka tikitin bas. A shekarar kuma aka fara koya wa 'yan makaranta raba shara gida biyu, mai ruɓewa da wadda za a sake sarrafawa, su kuma suka koma gida suka takura wa iyayensu. A 1991, da kayan lambun manoman kewaye suka yi kwantai, sai hukuma ta saye su ta riƙa musaya: kilo huɗu na roba, gwangwani ko kwali, kilo ɗaya na kayan lambu. Unguwa ta tsabtata, gida ya samu cefane, manomi bai yi asara ba. A 1990 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da lambar yabo kan waɗannan ayyuka.

Lerner kan ce wai in kana son mutum ya yi ƙirƙira, ka goge sifili ɗaya daga kasafin kuɗinsa. Ayyukansa sun nuna da gaske yake. Tsohon rumbun albarushi ya zama gidan wasan kwaikwayo a 1971, tsohon ramin fasa dutse kuma aka gina masa zauren wasanni na bututun ƙarfe cikin kwana 75 a 1992.

Da ya zama gwamna

An zaɓe shi gwamnan Parana a 1994, aka sake zaɓensa a 1998, ya yi mulki daga 1995 zuwa ƙarshen 2002. Ya jawo kamfanonin ƙera motoci ta hanyar rangwamen haraji da wasu tallafi: Renault, Volkswagen da Audi, da Chrysler. Na Chrysler bai yi ƙarko ba, an buɗe a 1998 an rufe a 2001.

A nan ne sunansa ya fara dusashewa a gida. A 1997 ya miƙa manyan titunan jihar ga kamfanoni masu zaman kansu na tsawon shekara 24, suna karɓar kuɗin hanya. Jama'a suka koka da tsada. A 1998, shekarar zaɓe, ya zaftare kuɗin da rabi, kamfanonin suka garzaya kotu, aka shiga sake yarjejeniya, ayyuka da dama da aka yi alkawari suka bi ruwa. Sai a watan Nuwamban 2021 kwangilolin suka ƙare. A shekarar 2000 aka sayar da bankin jihar, Banestado, ga bankin Itau. A 2001 ya so ya sayar da kamfanin lantarki na jihar, Copel, aka yi ta zanga-zanga, mai saye ma bai fito ba, dole aka fasa. A watan Mayun 2000 kuma 'yan sandan jihar suka tare ayarin manoma marasa gona da ke hanyar zuwa Kuritiba, aka harbe mutum ɗaya, aka ji wa da yawa rauni.

Wanda ya gaje shi a kujerar gwamna shi ne dai Requiao, abokin hamayyarsa na 1985, wanda ya yi kamfen da batun kuɗin hanya. A 2011 wata kotun tarayya ta yanke wa Lerner hukuncin shekara uku da rabi kan ba da wani sashen titi ga kamfani ba tare da gasar neman kwangila ba, ko da yake bai shiga gidan yari ba.

Ku lura da kamar da ke tsakanin wannan da labarin Titin Furanni. A duka biyun an tsallake matakin da doka ta tanada don a yi sauri. A titi guda, in an yi kuskure, ana iya kwashe duwatsu ranar Litinin. Kwangilar shekara 24 kuwa, yaran da ba a haifa ba ma sai sun biya.

Bayan siyasa

Bai sake riƙe muƙamin siyasa ba. Daga 2002 zuwa 2005 ya shugabanci ƙungiyar masu zanen gine-gine ta duniya. A 2003 ya wallafa littafi mai suna Acupuntura Urbana, inda ya kwatanta gyaran birni da maganin allura na Sinawa: a soka wuri ɗaya da ya dace, jiki duka ya amsa. Ya rasu a Kuritiba ranar 27 ga Mayu, 2021, yana da shekara 83, bayan fama da ciwon ƙoda.

Kafin nan dabarar bas ɗinsa ta zaga duniya. Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata a watan Disamban 2000, Legas a 2008, Johannesburg a 2009, Dar es Salaam a 2016, Dakar kuma a 2024 da motoci masu aiki da lantarki.

Inda gizo ke saƙa

Ɗan Adam tara yake. Kuritiba ta yau, mai mutum kusan miliyan 1.8, tana cikin manyan biranen Birazil da suka fi yawan motocin kai idan aka auna da yawan jama'a, kuma masu hawa bas sun ragu. Filayen gefen hanyar bas sun yi tsada, sai ya zama masu hali ne, waɗanda galibi suna da motarsu, ke zaune a benayen, talaka kuma an tura shi garuruwan kewaye inda tsarin bai kai da kyau ba. Wasu masana na ganin an yi wa birnin talla fiye da kima.

Kuma ba shi kaɗai ya yi aikin ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dalilin da ya sa tsarin 1966 bai mutu da sauyin gwamnati ba shi ne cibiyar nan ta IPPUC, wadda ma'aikatanta ke nan daram ko wa ya hau. Biyu daga cikin waɗanda suka gaje shi, Rafael Greca da Cassio Taniguchi, injiniyoyi ne da suka fito daga cikinta. Masu safiyo, masu zana taswira, masu lissafin kayan gini, masu ƙirga fasinja a tasha da sassafe, su ne suka riƙe tsarin fiye da shekara hamsin. Biranen da suka kwafi jar bas da tashar gilashi amma ba su kwafi dokar gini da irin wannan cibiya ba, rabin dabarar kawai suka ɗauka.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu irin waɗannan kujeru za mu zauna in an gama, a ma'aikatar ayyuka, ko hukumar tsara birane, ko wajen ɗan kwangila. Wata rana wani oga mai zafin nama zai shigo ya ce yana son aiki kaza kafin Litinin. Tarihin Lerner ya bar mana tambaya biyu da za mu yi wa fayil ɗin kafin mu sa hannu. Ta farko: shin akwai hanyar da ta fi wannan araha da kayan da ke hannu, kamar yadda bas ta tsaya a madadin jirgi, tafki a madadin kwalbati? Ta biyu: in aikin bai yi ba, za a iya warware shi, kuma wa zai biya? Ta farkon ya amsa ta fiye da kusan kowane magajin gari na zamaninsa. Ta biyun kuwa, direbobin Parana sun yi shekara 24 suna amsa ta daga aljihunsu a shingen karɓar kuɗin hanya.